Gilashin Bayan Motar Baba

Masu karatu, ina gaishe ku da kyau. Abin da zan faɗa muku yau ko ƴaƴan da na haifa ban taɓa faɗa wa ba, don haka ku yi mini uzuri in kun ga ina ƴan kewaye-kewaye kafin in iso wurin. Na tsufa, haƙorana ma sun fara sallama da ni, amma ranar nan in na tuna ta sai kunya ta lulluɓe ni kamar jiya aka yi.

Ni ce Furera, ɗiyar Alhaji Mijinyawa mai hatsi a Dakoro. Daminar da nake ba ku labari, shekara biyu ke nan da Nasara suka sauke tutarsu aka ɗaga tamu. Ina da shekara goma sha takwas, sa'o'ina duk suna ɗakunansu, wasu har da goyo na biyu. Ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, ta cinye mini shekara shida, da na fito kuma Baba ya ga amfanina, don duk takardar Faransanci da ta shigo gidanmu ni ke karanta masa.

Baba yana da mota, Fijo ruwan toka mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe. Da ita ake kai gero da wake Maraɗi, a dawo da gishiri da atamfa da kananzir. Mai tuƙa ta kuwa shi ne Attaher.

To, ga inda zuciyata take.

Dogo ne siriri, mai ƙarancin magana, kullum da rawani mai shuni wanda ke rina masa kumatu. Iyayensa Buzaye ne, daga wajen Tagiris can arewa suka gangaro wata shekarar fari bayan dabbobinsu sun ƙare, suka zauna noma kusa da Sabon Maci. Shi kuma ya koyi tuƙi wurin wani Bature mai haƙa rijiyoyi. Shekara biyu yana tuƙa wa Baba, kalmomin da muka yi da shi ba su cika ƙwarya ba. Ku ƴan yanzu da waya a hannu, kafin a ƙifta ido kun aika “ina kewarki” sau goma. Mu namu saƙon cuku ne, busasshen nonon nan da Buzaye ke yi. In an aike shi arewa ya dawo, sai in tarar da cuku biyu naɗe a farin ƙyalle a kan katangar rumbu. Amsata kuma, in za a kai wa masu aiki fura a zaure, tasa ƙwaryar ta fi ta kowa kaurin nono. Shi ke nan. Amma wallahi in motar nan ta kwana a hanya, ni ma sai in kwana ina kasa kunne.

Da bazara kawunsa, wani dattijo mai suna Intalla, ya zo ya gai da Baba, ya ajiye maganar a gabansa. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, “A bari a yi girbi.” Ya kuma taɓa rantsuwa gaban Inna cewa ba zai yi mini dole ba. Sai dai gidanmu akwai Gwaggo Maraya, yayar Baba, wadda ta dawo zama da mu tun rasuwar mijinta, ita kuwa ba ta san a bari ba.

“Ke ɗiyar nan, mi kika gani ga Buzun nan?” haka take tare ni ko ina daka ko ina shara. “Mutum yana cin tuwo a ƙwaryar ubanki, shi za ki kira maigida? Ga Mahamadu ɗan abokin ubanki a Maraɗi, gidan siminti, har da rediyo. Shi wanga mi gare shi ban da rawani?”

Ni dai sai in sunkuyar da kai. Inna kuma ta kama wani aikin, kamar ba ta ji ba.

Ranar wata Talata da la'asar sakaliya suka dawo daga Maraɗi cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina leƙe ta ƙofar zaure na ga Baba ya fito daga gaban mota yana yarfa hannun riga. Babbar rigarsa fara ta shadda, tun daga wuya har gindin baya ta jiƙe sharkaf, ga wani jan ruwan tsatsa ya zana mata layi. Takardun izinin fitar da hatsi da ya soke a bayan kujera sun zama kamar kunun kanwa.

“Attaher! Mota ce wagga ko kwando? Tun daga Sabon Maci ruwa ke bi ta ƙeyata!”

“Gilashin baya ne, Alhaji. Robar da ta riƙe shi rana ta cinye ta. Sabuwa tana nan ƙarƙashin kujera tun bazara.”

Bai ƙara da cewa Baba ne ya ce a bar tsohuwar sai ta mutu ba. Baba ma ya tuna, don sai ya yi gyaran murya ya sassauta.

“To gobe da sassafe a gyara. Ban son in sake ganin ɗigo ɗaya.”

“Aikin mutum biyu ne, Alhaji. Ɗaya ciki, ɗaya waje.”

Yaya Sha'ibu yana Birnin Lalle wajen gonakinmu, masu dako kuma duk damina ta kwashe su zuwa noma. Baba ya waiga, idonsa ya faɗa kaina ina maƙale da ƙofa.

“Ga Furera nan. Ai ba ta rasa hannu ba.”

Jama'a, ban san lokacin da na koma cikin gida ba. Kayana uku na fitar na shimfiɗa a gado ina dubawa. Washegari na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda ba ta kai ta salla ba amma ta fi ta daka, na ɗaura kallabi ruwan goro, na ɗan zizara kwalli. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa.

“Gyaran mota za a yi ko ɗaurin aure?”

Ta ɗauki tabarmarta da tsinken sakace ta kafa a bakin zaure, inda za ta riƙa hango mu ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, na ƙofar gida.

Gari ya waye tas, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Na tarar ya cire tamfol ɗin bayan motar, ya naɗe hannun rigarsa kaki har gwiwar hannu.

“Ina kwana, Malam Attaher.”

“Lahiya lau, Furera. An tashi lahiya? Yau na sa ki wahala.”

“Ba wahala.”

Ya ce kafin a taɓa komai sai an san ta inda ruwan ke shiga, don wani lokaci ba robar kaɗai ba ce. Ya sa na hau bayan motar da buta cike da ruwa, shi kuma ya shiga gaba ya durƙusa a kan kujera yana fuskantar gilashin.

“Ki fara daga ƙasa, a hankali. In kika fara daga sama ruwa zai bi ko'ina, ba za mu gane ba.”

Na fara zubawa. Gilashin nan bai fi tsawon hannu ba, kuma shi kaɗai ne tsakanin fuskata da tasa. Tun da nake ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Ya sauke rawanin daga bakinsa don ya ga aiki sosai, a ranar na san yana da ɗan tabo a haɓa. Ruwa na gangarowa, fuskarsa na narkewa tana dawowa. Shi yana bin gefen roba da yatsa, ni ina bin sa da ido. A raina na ce, Allah ka sa ramin nan ya ɓuya har azahar.

Bai ɓuya ba. Da na kai kusurwar sama ta hannun dama sai ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

“Tsaya nan. Ga shi.”

Ya nuna mini ɗigon yana tsattsafowa ta ciki, yana bin ƙarfe yana sauka daidai inda bayan Baba yake jingina. Robar wurin ta tsattsage kamar ƙafar da ta sha kaushi. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai faɗin baki ya riƙa ɓanɓare leɓen robar ta ciki, kaɗan-kaɗan, yana turo gilashin waje da tafin hannu.

“Ki tare shi da hannu biyu. In ya faɗi, babu irinsa sai Maraɗi, ko ma Kano.”

Gilashin ya faɗo mini a ƙirji, na rungume shi kamar jariri, na kwantar a kan buhu. Ƙarƙashin tsohuwar robar kuwa tsatsa ce ja wur ta ci bakin ƙarfen. Ya kankare ta da wuƙa, ya goge da yashi a tsumma har ƙarfen ya yi fari, sannan ya shafa jan fenti da gashin kaza.

“Sai ya bushe,” ya ce. “In aka sa roba kan ɗanyen fenti, aikin banza ne.”

Muka zauna jira, shi a kan taya, ni a bakin bayan motar ina kaɗa ƙafa. Gwaggo ta samu wata mai tallan ƙuli-ƙuli suna ta ciniki. Sai na ga ya sa hannu cikin riga ya jawo jakar fatar da ke rataye a wuyansa, ya zaro wata takarda mai ruwan ƙasa.

“Furera, wani taimako nake so. Jiya a Maraɗi aka ba ni wagga. Bara na ba da sunana, lokacin da aka ce gwamnati na neman direbobi ƴan ƙasa su maye gurbin waɗanda suka tahi. Har na manta. Ban son in kai wa mushe, malamin lakwal, kafin la'asar gari duk ya ji. Ke nake so ki karanta mini.”

Na karɓa. Takarda ce bugun keken rubutu, da hatimi shuɗi a ƙasa. Na bi layukan da ido sau ɗaya, na sake bi. An ɗauke shi. Direban masu aikin hanya, a Agadas. Za a ba shi ɗaki da kayan aiki. Ya gabatar da kansa kafin ranar sha biyar ga watan takwas, in ya wuce a ba wani. Na ƙirga a zuci, saura kwana tara.

Agadas! Mu a lokacin in an ce mutum ya tafi Agadas, kamar an ce ya faɗa rijiya ne. Babu waya, takarda sai ta yi wata a hanya, shi kuma ba ya rubutu. Na hango katangar rumbu babu cuku. Na hango motar nan tana shigowa da wani ƙato a gaba. Na hango Gwaggo da bakinta safe da yamma, girbi ya zo, Baba ya waiga bai ga kowa ba sai mutanen Maraɗi.

“Mi suka ce?” ya tambaya.

Ku yafe mini. Bakina ne ya riga hankalina.

“Sun ce... sun ga sunanka. Wai babu wuri yanzu. Ka jira sai sun neme ka.”

Ya ɗauki wani tsinke yana zane a jiƙaƙƙen yashi.

“Duk wannan dogon rubutu, abin da ke ciki ke nan?”

“Haka Faransanci yake. Gaisuwa ta fi magana yawa.”

Ya yi ɗan murmushi, wanda bai kai ido ba. “To, Allah shi sa haka ya fi alheri.” Ya karɓi takardar ya ninke ta a hankali. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Na san abin da Gwaggo ke faɗi, Furera. Katangar gidanku ba ta da kauri. Kuma ba ƙarya take ba, a ƙwaryar Alhaji nake ci. Jiya ban yi barcin kirki ba, ina cewa in Allah ya sa an ɗauke ni, zan zo gaban Alhaji da tawa ƙwaryar. Ko shekara biyu ce in yi, in dawo a san ni da wani abu. Don ke na ba da sunan nan, ba don kaina ba.”

Wayyo ni Furera. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai ya miƙe ya taɓa fentin da bayan yatsa.

“Ya bushe. Mu ƙarasa kafin hadari ya haɗu.”

Ya ɗauko sabuwar robar, baƙa mai laushi, ya zagaye bakin gilashin da ita. Ya kawo kirtani mai ƙarfi ya cusa cikin kwarin robar, ya zagayo da shi har bakinsa biyu suka haɗu a ƙasa. Ya sa na kaɗa ruwan sabulu a ƙoƙo, ya shafe robar da bakin ƙarfen don su yi santsi. Muka ɗora gilashin a gurbinsa, bakin kirtanin na lilo ta ciki.

“Yanzu aikinki ne ya fi nawa. Zan ja kirtani ta ciki, shi zai jawo leɓen robar ya hau ƙarfe. Duk inda kika ga hannuna, ki danna nan ta waje. Kar ki buga, kar ki saki.”

Ya shiga. Na ɗora tafuna biyu a gilashin, lallen da na ƙunsa shekaranjiya ya fito ja a kansa. Ya fara ja, robar na hawa da ɗan ƙara, tsut, tsut. Hannunsa na hagu yana dafe ta ciki, nawa ta waje, tafi a kan tafi, sai kaurin gilashi. Inda ya matsa in matsa. Na ji ɗumi, ban sani ba ko na rana ne ko nasa.

Na ce a raina, in mun kai kusurwa zan faɗa masa. Muka kai, kusurwar ta yi gardama, ya ciji leɓe yana juya kirtanin a hankali kar robar ta yage. Na ce to in mun kai sama. Muka kai sama. Idona ya cika, hawaye ya gangaro, ba hannun sharewa. Ya ɗago ya gan ni. Ya tsaya da ja. Ta cikin gilashin na ga bakinsa ya motsa, muryar ta fito can ƙasa-ƙasa.

“Kar ki damu. Wata dama za ta zo.”

Wai ni yake lallashi. Yana zaton don an hana shi nake kuka.

Kirtanin ya fita gaba ɗaya, gilashi ya zauna daram. Ya bi gefen da wani baƙin danƙo, ya cusa shi da yatsa a kusurwoyi. Na juye buta uku, na ƙara da bokiti guda. Ya shafa ta ciki ya nuna mini tafinsa a bushe.

“Malam Attaher, takardar nan...”

“Furera!” Gwaggo ta ƙwala daga zaure. “An gama ko sai an ɗaura miki tayar? Tuwon rana ni zan tuƙa?”

Na sauko na shige gida, zanina jiƙe.

Tuwon ranar ya yi gudaji, Inna ta bi ni da kallo. Bayan azahar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauko. Ina jin Baba ya ce wa Attaher su shiga motar su zauna, shi da idonsa yake so ya gani. Suka daɗe a ciki. Ni ina ɗaki ina ninke kayan da na riga na ninke, ina tsara yadda zan faɗa masa gobe, ko in aika wa kawunsa, ko in je wurin mushe in roƙe shi ya kira shi.

Ruwa na tsagaitawa na ji muryar Baba. “Furera! Zo zaure.”

Na yafa mayafi na fita. Baba na zaune a kan buzunsa, bayan rigarsa a bushe ƙayau. Attaher na tsaye a bakin ƙofa, ya mayar da rawaninsa ya rufe baki. Gwaggo ma ta biyo ni. A hannun Baba kuwa, takardar nan ce mai ruwan ƙasa.

“Yaron nan ɗan amana ne,” in ji Baba. “Ya ce bai iya ɓoye mini cewa ya nemi aiki wani wuri, ko da bai samu ba. Ya ce ke kika karanta mishi.” Ya buɗe takardar ya nisanta ta da idonsa. “Ni ban yi lakwal ba, amma shekara talatin ina awon hatsi, na san lamba in na gan ta. Ga sha biyar, ga takwas. Wanda aka ce ya jira, mi ya haɗa shi da rana da wata? Karanta mini, ɗiyata. Daga sama har ƙasa.”

Na durƙusa na karɓa. Zan iya cewa ranar da aka rubuta ta ce, babu mai ƙaryata ni a zauren nan. Na ɗaga ido na dubi Attaher, ya gyaɗa mini kai, irin na kar ki ji tsoro.

Sai na karanta. Kowace kalma na juya ta da Hausa, ban tsallake ko ɗaya ba. An ɗauke shi. Agadas. Ɗaki da kayan aiki. Kwana tara.

Gwaggo ce ta fara magana. “Ikon Allah! Aikin gwamnati?” Ta dubi Attaher kamar yau ta fara ganinsa.

Baba bai kula ta ba. Ni yake kallo. “Da safe ba haka kika ce ba.”



“Alhaji,” muryar Attaher ta fito a hankali, “da safe rana ta yi yawa, ga hasken gilashi a idonta. Kowa na iya kuskure.”

“Ban tambaye ka ba.” Baba ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke, ya miƙa masa. Ya shafa gemu. “Aikin ƙasa ba a ƙin shi. Ranar Asabar ni da kaina zan kai ka inda za ka samu motar arewa. Amma kafin nan ka je Sabon Maci ka ce wa Intalla ina nemansa gobe da hantsi. Maganar da na ce a bari sai girbi, ba sai an kai girbi ba. Na yanke.”

Bai faɗi abin da ya yanke ba. Ya miƙe ya ɗauki butarsa ya shige gida, Gwaggo na bin sa da “Mijinyawa, tsaya mana, mi ka yanke?”

Muka rage mu biyu. Ina durƙushe inda nake, ina jira ya yi faɗa, ko ya tambaye ni dalili, ko ma ya yi tsaki. Ya mayar da takardar cikin jakar wuyansa, ya ɗaure bakinta, ya sa takalmansa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“Da kin ce mini kar in tahi, Furera, da bakinki, da na yaga ta a gabanki.”

Ya fita. Na ji motar ta tashi, ta kama hanyar Sabon Maci cikin taɓo.